Umaru Ganda: saurayin da ya ari sunan Ba'amurke a Abijan, ya dawo gida ya yi nasa

 A filinmu na tarihin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, yau za mu ɗauko rayuwar Umaru Ganda, wanda ake rubutawa Oumarou Ganda da Faransanci.

Duk wanda ya taɓa zuwa Yamai ya ji ana cewa CCOG. Masu taksi sun san wurin, mawaƙa kuma suna alfahari in sun yi wasa a can. Haruffa biyu na ƙarshe, O da G, sunan wannan bawan Allah ne. Ni kaina sai da na je horon aikin rediyo a Yamai na tambaya, sannan na san ko wane ne shi. Da na ji labarinsa kuma, sai na ga ai labarin yaranmu ne na yanzu.

Ku duba kowace fada ta samari a garuruwanmu. Wannan ana kiran shi da sunan ɗan ƙwallon Turai, wancan da sunan jarumin fim ɗin Indiya, har wani ma sai ka yi da gaske kafin ka tuna sunan da aka raɗa masa ranar suna. Burin kowa babur, in Allah ya buɗa a hau mota. Kiɗa na tashi cikin waya, shayi na bisa wuta, hira kuma ba ta wuce wane ya tafi, wane ya aiko, wane ya dawo. Dattawa sukan ce lalacewar zamani ce. To amma tun 1957 an ɗauki fim a kan samarin Nijar masu irin wannan hali, kuma Umaru Ganda ne kan gaba a cikinsa.

An haifi Umaru a Yamai a 1935, lokacin mulkin mallakar Faransa. Bazabarme ne. Ya yi lakwal ta firamare a nan Yamai, bai yi nisa da boko ba. Yana ɗan shekara 16, a 1951, ya shiga sojan Faransa. Ku auna wannan shekara da kyau: yaron da a wurinmu yanzu ake aike kasuwa, ko a bar masa shanu ya kai bakin tabki. A lokacin Faransa tana yaƙi a Indoshin, yankin da ƙasashen Biyetnam, Lawos da Kambodiya suke a yau. Mutanen can sun tashi neman ƴancin kansu, Faransa kuma ta rinƙa kwasar samari daga ƙasashen Afirka da take mulka tana kai su fagen daga. Umaru na cikinsu. Ya yi kamar shekara biyu a can, yana yaƙi da mutanen da ba su taɓa yi masa komai ba, don a ci gaba da mulkarsu kamar yadda ake mulkar ƙasarsa. A watan Mayu na 1954 aka ci Faransa da yaƙi a Dien Bien Phu, ta tattara ta bar yankin. A 1955 aka sallami Umaru daga soja, yana da shekara 20.

Ya dawo Yamai, ba aiki. Harbin bindiga da fareti ba sana'a ba ce da za a ci abinci da ita a gari. Sai ya yi abin da dubban samarin Nijar ke yi a lokacin, kuma suke yi har gobe: ya tafi bida. Wasu Kumasi da Akara suke nufa, shi ya nufi Abijan ta ƙasar Kodibuwa. Dalili kuwa, a 1950 an haƙa mashigin ruwa na Vridi wanda ya ba manyan jiragen ruwa damar shigowa har cikin gari, tashar jiragen ta buɗe, gari ya cika da neman leburori. Umaru ya zama ɗan dako a tashar, yana ɗaukar buhuna a ka da kafaɗa. Aikin yini ne. In an ɗauke ka da safe ka ci, in ba a ɗauke ka ba ka koma ka jira gobe. Yana kwana a Treichville, unguwar baƙi da talakawa, ruwa ya raba ta da Plateau, inda ofisoshi da manyan kantuna da motocin Turawa suke.

A nan ne ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi wannan Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma binciken al'adun mutanen bakin kogin Kwara da ɗaukar su a fim. A shekarun nan yana bin sawun ƴan Nijar masu zuwa bida bakin teku, yana son ya san yawansu, inda suka fito da abin da suke samu. Da ya ga Umaru ya iya karatu da rubutu, ga baki, ga sanin mutane, sai ya ɗauke shi aikin ƙidaya da tambayoyi. Daga nan shawara ta zo: maimakon a rubuta rayuwar waɗannan samari a takarda, me zai hana su nuna ta da kansu gaban kamara?

Haka aka yi fim ɗin Moi, un Noir, wato ni baƙar fata. An ɗauke shi a 1957, ya fito a 1958. Babu ƙwararren ɗan wasa ko ɗaya a ciki. Samari ne ƴan ci-rani, kowa yana yin rayuwarsa ta kullum, sai dai kowa da sunan da ya aro daga sinima. Umaru shi ne Edward G. Robinson, sunan wani jarumin finafinan Amurka. Abokinsa mai tallan yadi da son ƴan mata shi ne Eddie Constantine. Direban taksi, wanda kuma ɗan dambe ne, shi ne Tarzan. Yarinyar da Umaru ke mutuwar so ita ce Dorothy Lamour. Kun ga ke nan, sunan aro ba yau aka fara ba.

Fim ɗin yana bin su ne daga ranakun aiki zuwa Asabar da Lahadi, ya ƙare ranar Litinin. Cikin mako ana ganin Robinson yana tsallaka ruwa zuwa neman aiki, yana dako, yana cin abincin rana na kuɗi kaɗan, yana kwanciya bakin titi kafin a koma. Motoci na wuce shi, shi yana ƙasa. Ranar Asabar aljihu ya ɗan yi nauyi, sai a cika taksin Tarzan a tafi bakin teku wanka, da dare a je kallon dambe, daga can a wuce gidan rawa. Robinson yana mafarkin zama zakaran damben duniya irin Sugar Ray Robinson, yana mafarkin gida nasa da Dorothy Lamour a ciki matsayin matarsa. Ranar Lahadi akwai gumbe, ƙungiyar samari da ƴan mata masu kiɗa da gasar rawa. Amma da dare wani Bature ɗan Italiya, ma'aikacin jirgin ruwa, mai kuɗi a aljihu, shi ya tafi da Dorothy. Da safe Robinson ya je ƙofarta cikin maye, suka kaure da faɗa, Baturen ya yi masa duka. Shi kuma Eddie Constantine ya yi rigima da ɗan sanda, aka ɗaure shi wata uku. Litinin ta zo, an koma dako.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne ƙarshe. Robinson na tafiya bakin ruwa tare da wani ƙaramin abokinsa, sai ya shiga ba shi labarin Indoshin. Yana faɗuwa ƙasa, yana rarrafe, yana jifa da gurnetin da babu shi a hannu, yana nuna yadda abokansa suka mutu a gabansa. A nan wasa ya ƙare, Umaru ne da kansa ke magana. An ma faɗa a cikin fim ɗin cewa mahaifinsa ya kore shi daga gida don an ci su da yaƙi. Ana kuma nuna yara suna wanka a kogin Kwara, shi yana tuna ƙuruciyarsa a Yamai.

A shekarun nan, a Amurka ma ana ta yin finafinai a kan samari, motoci da sabon kiɗan nan mai ƙarfi da ake kira rok, wanda Elvis Presley ya yi suna da shi. A 1955 aka yi Rebel Without a Cause, inda samari ke tseren mota zuwa bakin rami don nuna jarumta. Jarumin fim ɗin, James Dean, ya mutu cikin haɗarin mota a watan Satumba na shekarar, yana da shekara 24. Daga baya, a 1973, George Lucas ya yi American Graffiti, labarin dare guda na wasu samari da suka gama sakandare a 1962 a wani gari na Kalifoniya. Suna ta zagaya gari cikin motoci, rediyo na kiɗa, suna tunanin ko su bar gida su tafi karatu ko su zauna. Tambayar ɗaya ce da ta samarin Treichville, ɗaya ce da ta yaranmu: in tafi ko in zauna, kuma wane irin mutum zan zama? Bambancin shi ne, yaran Amurka motar tana hannunsu, makaranta na jiran su. Su Umaru kuwa sun riga sun bar gida, mota sai ta haya ranar Asabar, abin da suka samu daga Amurka bai wuce suna ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wani abu game da yadda aka yi fim ɗin da ya kamata mu ma'aikatan rediyo mu lura da shi. Kamarar Rouch ƙarama ce, ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Sai bayan an gama aka zaunar da Umaru gaban hotunan, aka ba shi makirfo, ya rinƙa magana yadda ta zo masa: yana ba'a, yana ƙorafi, yana yi wa kansa kirari, yana zagin talauci. Wannan murya ita ce ran fim ɗin. A Faransa aka ba fim ɗin kyautar Louis Delluc ta 1958, matasan masu shirya fim na can irin su Jean-Luc Godard suka yaba shi ƙwarai, suka koyi salon ɗaukar fim a titi da mutanen gari. Sai dai sunan da ya ɗaukaka na Rouch ne. Rayuwar ta Umaru ce, muryar tasa ce, amma wani ne ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a yanke. Daga baya Umaru bai ɓoye ba cewa akwai abubuwan da shi da kansa ba haka zai nuna su ba.

Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Umaru ya dawo Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar sinima ta cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Mutumin da aka riga aka gani a allon sinima a Faris bai ji kunyar komawa ɗan koyo ba. Ya zama mataimakin masu aiki, yana ɗaukar kaya, yana koyon kamara, ɗaukar murya da haɗa hoto. Shekaru ya yi a haka. A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim, shi kuwa labarinsa na nan a ransa tun ranar da ya sauka daga Indoshin. Ya rubuta, aka ba shi dama, ya yi Cabascabo.

Fim ne na minti 45, baƙi da fari, cikin Zabarmanci, a lokacin da akasarin finafinan Afirka da Faransanci ake yin su. Umaru ne ya shirya, shi ne kuma ya fito a matsayin Cabascabo, tsohon soja da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Gari ya ɗauka, abokai suka kewaye shi, maroƙa na yi masa kirari, mata na yi masa fara'a. Shi kuma yana ta rabo, yana ba da labarin yaƙi a mashaya. Da kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Ya nemi aiki, ya tarar tsohon soja ba kowa ba ne a wurin leburanci, yaran da bai ɗauka komai ba su ke ba shi umarni. A ƙarshe ya saɓa gatari ya nufi ƙauye, ya koma ga ƙasa. Zalika Sule, wadda ta zama babbar tauraruwar finafinan Nijar, ta fito a ciki. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa a 1969, ya kuma samu lambar yabo a bikin finafinai na Masko a shekarar.

Wane ne a cikinmu bai san Cabascabo ba? A kowace unguwa akwai wanda ya dawo daga Libiya ko daga wurin haƙar zinariya, ya yi wata biyu ana ce masa alhaji, wata na uku babu mai amsa sallamarsa. Umaru ya san wannan ciwo a jikinsa. A fim ɗin Rouch an nuna shi yana maye yana shan duka, mai kallo ya tausaya masa. A nasa fim ɗin ya nuna har da laifin garin: masu zuga, masu ci, masu gudu in ta ƙare. Bai kuma wanke kansa ba.

Daga nan ya juya ga abin da ke faruwa cikin gidaje. A 1970 ya yi Le Wazzou polygame, labarin wani mai kuɗi da ya dawo daga Makka da sunan alhaji, ya sa ido a kan wata yarinya Satu wadda aka riga aka yi wa wani saurayi Garba alkawarinta. Iyaye suka bi kuɗi, Garba ya bar gari cikin baƙin ciki, matar alhaji ta biyu kuma kishi ya kai ta ga ƙulla kisa. Umaru bai taɓa addini ba, masu fakewa da shi ya taɓa, da iyayen da ke sayar da ƴaƴansu. A 1972, a bikin finafinan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu, aka fara ba da babbar kyautar nan ta Dokin Yennenga, kuma wannan fim ne ya fara ɗaukar ta. Duk manyan masu shirya fim na Afirka da suka samu kyautar daga baya, bayan ɗan dakon Treichville suka biyo.

Ya sake yin Saitane, wato Shaiɗan, a kan wani malamin tsibbu da ke shiga tsakanin matar aure da wani mai kuɗi, yana ci da sunan asiri. Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, ya fito a 1980. Daga tatsuniya ya ɗauko shi, kuma a kan nauyin alkawari yake: mutum ya faɗi magana, ya cika ta ko da ransa ne zai tafi. Ya yi waɗannan ayyuka ne a zamanin jam'iyya ɗaya ta Diori Hamani, da zamanin soja na Seyni Kunce daga 1974, lokacin da ba kowace magana ake faɗa a fili ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Abokin tafiyarsa Mustafa Alasan ya yi fim a 1966 a kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A 1972 kuma ya yi F.V.V.A., haruffan farko na mata, gida, mota da kuɗi a Faransanci. A shekarun nan Nijar na sahun gaba a harkar fim a Afirka, kuma abin da ke cin ran samari shi ne abin da suka fi ɗauka.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45, yana cikin aikin wani sabon fim. Bayan rasuwarsa aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa. FESPACO kuma ta ƙirƙiro kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba wanda ya fi iya shirya fim ɗinsa na farko. Shi kuwa Jean Rouch ya rayu har watan Fabrairu na 2004, inda ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, aka binne shi a Yamai.

Abin da ya sa muka kawo muku wannan tarihi, jama'a, shi ne yawancin gidajen da ke sauraren mu suna da yaro a waje, ko wanda ke shirin fita da an gama girbi. Wasu za su dawo da babur, wasu da jakar tufafi kawai. Umaru sau biyu yana fita. Daga Indoshin ya dawo ba sana'a, daga Abijan ya dawo ba dukiya. Da a ce mutanen Yamai sun yanke masa hukunci yana ɗan shekara 22, lokacin da yake yawo da sunan Robinson yana kwana a gidan rawa, da sun ce ya lalace. Yana da shekara 33 ya yi fim ɗinsa na farko, bayan ya yarda ya zauna ya koyi aiki a ƙarƙashin wasu.

Iyaye, yaron da ya dawo hannu wofi a tambaye shi abin da ya gani da abin da ya koyo, kafin a tambaye shi abin da ya kawo. Ku kuma ƴan uwa da ke can, mun san da yawa ba rashin kuɗin mota ke hana ku dawowa ba, kunya ce. Gida bai ƙi ku ba. Samarin fada kuma, waya da ke hannunku ta fi kamarar da aka ɗauki Umaru da ita, don taku tana ɗaukar hoto da murya a tare. Tabkinmu na nan, kasuwar Ɗan Isa na nan, tsofaffin da suka yi Legas da Abijan a ƙafa da bayan babbar mota suna nan da ransu, ba wanda ya ɗauki labarinsu.

In akwai dattijo a garinku da ya yi sojan Faransa, ko ya yi dako a Abijan ko Kumasi a waɗancan shekaru, ku sanar da mu a gidan rediyo, za mu zo da makirfo har ƙofar gidansa. Allah ya jiƙan Umaru Ganda, ya gafarta masa. Waɗanda ke kan hanya kuma Allah ya kai su lafiya, ya maido muna da su lafiya.